Wabash: Tarihin Wani Tsohon Furen Iris da Yadda Ake Nomansa

Wabash sunan wani nau'in furen iris ne, daga cikin dogayen nan da ake kira masu gemu. Wata mata mai suna Mary Williamson ce ta fitar da shi a garin Bluffton na jihar Indiyana a Amurka, aka yi masa rajista a 1936. Karansa yakan kai kusan mita ɗaya. Kowane fure yana da fallaye shida: uku na sama farare fat, a tsaye, sun haɗa kai, uku na ƙasa kuma sun sunkuya, launinsu shunayya mai duhu, fuskarsu da laushin karan-miski, an yi wa bakinsu siririn farin layi. A 1940 ya karɓi lambar Dykes, wadda babu ta sama da ita a wajen masu noman iris, kuma yana cikin 'yan tsirarun furannin zamaninsa da har yanzu ake sayarwa ana shukawa da sunansu na asali.

Gemun da ake faɗa wani ɗan layin gashi ne da ke kwance a tsakiyar kowane falle na ƙasa, ya taso daga maƙogwaron furen ya leƙo waje. Nan ƙudan zuma ke sauka, ya bi layin ya kutsa ciki neman zaƙi, bayansa ya gogi garin bununi, ya tashi ya kai wa wani furen. Ƙungiyar Iris ta Amurka ta kasa masu gemu gida-gida bisa tsayi da lokacin fure, kuma ba a ce wa iris dogo sai karansa ya haura santimita 70. Dogayen su ne na ƙarshen buɗewa a cikin dangin. A Indiyana sukan yi fure daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, mako biyu ko uku, daga nan sai baɗi.

Abin da ke riƙe da rayuwar wannan tsiro shi ne saiwarsa. Wanda ya san ɗanyar citta ya san siffarta: kakkaura ce, tana kwance a saman ƙasa, jijiyoyi suna sauka daga cikinta, ganye yana tashi daga goshinta. Kowace saiwa sau ɗaya take fure a rayuwarta. Bayan ta yi, sai ta fitar da 'ya'ya a gefe da gefe, su ne za su yi fure a shekara mai zuwa. Saiwar tana da ajiyar abinci mai yawa, don haka ana iya tono ta, a bar ta makonni a bushe, a yi doguwar tafiya da ita, a dasa ta kama. Ta haka ne wani farin iris na ƙasar Larabawa, Iris albicans, wanda Musulmi suka saba shukawa a maƙabarta, ya bazu ta Arewacin Afirka har Andalus. Ta haka ne kuma Wabash ya rayu. Idan aka shuka ƙwayarsa, abin da zai tsiro wani fure ne dabam, domin iyayensa gauraye ne. Saboda haka duk wani Wabash na gaskiya da ke duniya a yau yanki ne na tsiro guda ɗaya da ya fara buɗewa a gonar Bluffton kusan shekara casa'in da suka wuce, ana ta raba shi hannu da hannu.

Tushen dogayen iris na lambu ya faro ne daga tsirrai biyu na daji a Turai. Ɗaya shi ne Iris pallida na gaɓar tekun Dalmatiya, a Kuroshiya ta yau, dogo, mai fure shuɗi-shuɗi da ƙamshi. Ɗayan shi ne Iris variegata na Hungari da maƙwabtanta, gajere, fallayensa na sama rawaya, na ƙasa da jijiyoyi ja-ja masu duhu. Inda suka haɗu, ƙudan zuma yakan aurar da su ba tare da hannun mutum ba, 'ya'yan su fito da launi iri-iri. Masanin tsirrai Carolus Clusius ya bayyana nau'i 28 na irin waɗannan tun a 1601. Amma noman su da gangan, da sa musu suna, a Faransa ya kankama. A wajen 1840 Jean-Nicolas Lémon na unguwar Belleville a Paris ya fitar da jerin nau'i ɗari na sayarwa, kuma wasu daga cikin nasa, irin su Honorabile da Madame Chéreau na 1844, suna nan a lambuna har gobe. Lémon da takwarorinsa ba sa haɗa auren da hannunsu. Sukan tara ƙwayar da ƙudan zuma ya samar, su shuka, su zaɓi wanda ya yi musu.

A shekarun 1870 wani mai sayar da iri a Landan, Peter Barr, ya kasa waɗannan furanni bisa zanen launinsu. Gidan da ya kira amoena shi ne na masu farin sama da launi a ƙasa, kuma nan Wabash zai zauna daga baya. Tsofaffin amoena suna da kyau, Victorine na Lémon da Rhein Nixe na kamfanin Goos da Koenemann na Jamus a 1910 shaida ne, sai dai furensu ƙanana ne, kuma sau da yawa farin saman yakan zo da ɗigo-ɗigon shunayya. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 masu lambu da dama sun ɗauka cewa pallida da variegata sun ba da duk abin da ke cikinsu.

Mutumin da ya buɗe sabuwar ƙofa likita ne, ba manomi ba. Sir Michael Foster, farfesan ilimin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Kambirij, yana da lambu a Shelford, kuma yakan roƙi 'yan mishan da matafiya da ke ƙasashen Daular Usmaniyya su aiko masa da duk iris da suka gani. A 1885 aka samo masa wani daga Amasya a arewacin Turkiyya, ya sa masa suna Amas. Wasu kuma sun zo daga Kubrus, da yankin tsohon birnin Troy, da Sham. Waɗannan baƙi sun fi na Turai girman fure da kaurin falle nesa ba kusa ba. Matsalarsu ita ce da wuya su yarda da aure da na gida. Mai lambu zai shafa gari a kan furanni masu yawa, mafi yawansu su zube, wanda ya ɗaure kwanso ma a tarar da ƙwaya ɗaya ko biyu a ciki.

Dalilin bai fito fili ba sai bayan shekaru, da Marc Simonet a Faransa da L. F. Randolph na Jami'ar Cornell suka ƙirga kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta. Pallida da variegata suna da 24, jeri biyu na goma sha biyu. Amas da 'yan'uwansa na gabas suna da 48, jeri huɗu. Auren mai biyu da mai huɗu yawanci ba ya haihuwa, ko ya haifi mai jeri uku wanda shi kuma ba ya ba da zuriya. Amma jefi-jefi mai jeri biyu yakan fitar da ƙwayar haihuwa wadda ba ta rabu biyu ba kamar yadda aka saba, tana ɗauke da 24 ɗinta cif. Idan ta gamu da 24 daga ɓangaren Amas, sai a sami ɗa mai 48: babban fure irin na gabas, launi irin na Turai, kuma mai haihuwa. Masu haɗa auren farkon ƙarni na 20 ba su san wannan lissafi ba. Naci ne kawai ya kai su. Kamfanin Vilmorin na Faransa ya fitar da Alcazar a 1910 da Ambassadeur a 1920. A Ingila, Arthur Bliss ya sami Dominion, wanda aka fitar a 1917, shi ne ya kawo laushin karan-miskin nan a fallen ƙasa. A Kalifoniya William Mohr ya yi aiki da nau'o'in gabas masu son ɗumi. A Indiyana kuwa akwai Williamson.

Edward Bruce Williamson, wanda aka haifa a 1877, ma'aikacin banki ne. Ya yi aiki a Bankin Wells County na Bluffton, wanda mahaifinsa ya shugabanta, shi ma daga baya ya hau kujerar. A duniyar kimiyya kuwa da wani abu dabam aka san shi: yana cikin manyan masanan mazari na Amurka, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa. Ya yi tafiye-tafiye zuwa Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yana tara su, har akwai wani jinsinsu da aka raɗa wa Williamsonia don girmama shi. Idon da ya saba bambance jijiyoyin fiffiken ƙwaro shi ya juya ga fure.

Hanyarsa ta haɗa aure ba ta yi wa masu tsantseni daɗi ba. Maimakon ya ɗauki garin fure ɗaya ya rubuta sunan uba, yakan tara garin furanni da yawa ya gauraya, ya shafa wa uwar, ya bar ta ta karɓi wanda ya dace da ita. Wannan ya sa asalin nau'o'insa da dama rabi ne kawai a rubuce, amma ga tsiro mai taurin kai irin Amas, dabarar tana da ma'ana, don ta ninka damar dacewa. Daga Amas da gaurayen gari ya sami wani fure mai shuɗin sama da shunayyar ƙasa, ya sa masa sunan mahaifinsa, Lent A. Williamson, ya fitar da shi a 1918. Muhimmancinsa bai tsaya ga kyau ba. Nau'o'in Kalifoniya da yawa sukan ruɓe a sanyi da danshin tsakiyar Amurka, shi kuwa ya tashi a inda ƙasa ke daskarewa watanni, ga shi kuma yana ɗaure ƙwaya ba wahala. Masu haɗa aure suka yi masa caa, ya zama kakan ɗimbin nau'o'in da suka biyo baya.

Gonar Williamson, wadda ake kira Longfield Iris Farm, ta bunƙasa a daidai lokacin da sha'awar iris ta kama Amurka. An kafa Ƙungiyar Iris ta Amurka a 1920 a Lambun Tsirrai na New York, John C. Wister ya zama shugabanta na farko. Aikinta na farko shi ne warware rikicin sunaye, domin fure ɗaya yakan yi yawo da suna uku, suna ɗaya kuma ya hau kan furanni biyar. Ethel Anson Peckham ce ta tsara manyan kundayen sunaye na 1929 da 1939. Ita ce kuma ta lura da wasu ƙananan furanni masu siririn kara a cikin tsirran Williamson, waɗanda wani zai tuge ya yar, aka ware su aka mai da su aji na musamman don ado a kan tebur. Lambar da ake bai wa wannan aji a yau tana ɗauke da sunan Williamson.

A ƙarshen shekarun 1920 bankin Bluffton ya durƙushe, Williamson ya koma aikin bincike a gidan adana dabbobi na Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, ya rasu a 1933. 'Yarsa Mary ta karɓi gonar, ta tafiyar da ita fiye da shekara ashirin. Shekara uku bayan rasuwarsa ta yi wa Wabash rajista. Iyayensa su ne Dorothy Dietz da Cantabile, duka biyun daga gonar mahaifinta, kuma jinin furen Lent A. Williamson yana cikin zuriyar. Sunan kuwa na kogin da ya ratsa Bluffton ne, wanda ya taso daga yammacin Ohio ya keta Indiyana, tafiyar kimanin kilomita 800, kafin ya faɗa kogin Ohio.

Sai an san wahalar samun amoena a cikin masu jeri huɗu za a gane abin da ya sa wannan fure ya yi tashe. Launi biyu ne ke aiki a fallen iris. Akwai mai narkewa a ruwa, shi ke ba da shuɗi da shunayya, akwai kuma mai narkewa a mai, shi ke ba da rawaya. Gadon variegata ne ke hana shunayya hawa fallayen sama. Amoena na fitowa ne idan wannan hani ya tabbata, rawayar kuma ta ɓace gaba ɗaya, sai saman ya zama fari. Wannan hali ɓoyayye ne, ba ya bayyana sai ɗa ya gaje shi ta kowane ɓangare. A masu jeri biyu, idan uwa da uba suna ɗauke da ɓoyayyen hali, ana sa ran ɗa ɗaya cikin huɗu zai nuna shi. A masu jeri huɗu, idan kowanne yana ɗauke da shi a rabin jerinsa, lissafin yakan koma ɗaya cikin 36. Ƙari a kan haka, amoena na wannan layi sun yi suna wajen rowar ƙwaya, wadda aka samu ma ba ta cika tsirowa ba. Mai neman farin sama tsantsa, da duhun ƙasa, da tsayi, da ƙarfin jiki, duk a tsiro ɗaya, yana neman abu huɗu ne da kowannensu sai an yi sa'a. Wabash ya haɗa su.

Lambar da ya ci tana ɗauke da sunan William Rickatson Dykes, malamin makaranta ɗan Ingila wanda ya wallafa babban littafin The Genus Iris a 1913, ya zama sakataren Ƙungiyar Lambu ta Masarautar Birtaniya, ya rasu a 1925 sakamakon haɗarin mota. Ƙungiyar Iris ta Birtaniya ce ta ƙirƙiro lambar, aka fara bayarwa a 1927. A Amurka nau'i ɗaya tak ake ba wa a shekara, bisa ƙuri'ar alƙalan ƙungiya, kuma sai fure ya yi shekaru ana gwada shi a lambuna daban-daban. Furen San Francisco na William Mohr ne ya fara karɓa a can. Wabash ya karɓa a 1940, The Red Douglas ya biyo shi a 1941, sai Great Lakes na Kanada a 1942. A lokacin yaƙin duniya ya ci Turai, filayen fure a Ingila da Faransa sun koma na abinci, jagorancin noman iris ya tsallaka Amurka. A ƙuri'ar farin jini da Ƙungiyar Iris ta Amurka ke yi, Wabash ya yi ta fitowa a sahun gaba cikin shekarun 1940.

Duk da wannan ɗaukaka, zuriyarsa ba ta yi yawa ba, saboda dalilan gadon da aka ambata. Geddes Douglas na jihar Tennessee yana cikin waɗanda suka dage da wannan layi, ya fitar da Bright Hour a farkon shekarun 1950. Amma hanyar da ta sauƙaƙa samun amoena daga wani wuri ta ɓullo, kuma abin mamaki, a Bluffton ɗin dai. Paul Cook, mai raba wasiƙu a ƙauyukan yankin, wanda ya yi aiki tare da E. B. Williamson, ya aurar da wani gajeren iris na Balkan, Iris reichenbachii, da wani dogo shuɗi. Ɗan da aka samu ba shi da kyan gani, amma yana ɗauke da wani hali mai rinjaye da ke hana launi hawa fallayen sama, wanda gado ta ɓangare ɗaya ya isa ya bayyana shi. Cook ya sa masa suna Progenitor. Daga jikokinsa Whole Cloth ya fito a 1958, mai farin sama da shuɗin ƙasa, ya ci lambar Dykes a 1962. Yawancin amoena na zamani ta wannan hanya suka biyo. Ƙaramin gari ɗaya ke nan ya ba da mafi shaharar amoena na tsohon tsari, ya kuma ba da abin da ya maye gurbinsa.

Daga shekarun 1960 ado ya sauya. Aka koma son manyan furanni masu faɗin falle, masu tattara a baki, waɗanda fallayensu na ƙasa ke miƙewa a kwance. Kusa da irin su Dusky Challenger na gidan Schreiner a Oregon, wanda ya ci Dykes a 1992, furen Wabash ƙarami ne, siriri, ba ado. Manyan kamfanoni suka rinƙa sauke tsofaffin nau'o'i daga kundayen tallarsu, ɗaruruwa suka ɓace ko suka rasa suna. Wabash ya tsira ne da abu biyu. Bambancin farinsa da shunayyarsa yana ɗaukar ido daga nesa fiye da na manyan furanni da yawa, kuma ba shi da laulayi. Ana tarar da shi a tsofaffin gidajen gona da maƙabartu inda aka yi shekaru ba mai kula. A 1988 aka kafa ƙungiyar adana tsofaffin iris, wadda ake taƙaita sunanta da HIPS, ta ɗauki duk nau'in da ya kai shekara 30 a matsayin na tarihi. 'Yan ƙungiyar suna musayar saiwa, suna raba nau'o'in da suka yi ƙaranci ga masu lambun da suka yi alkawarin riƙewa. Lambun Presby a Montclair ta jihar New Jersey, wanda aka kafa a 1927, yana cikin wuraren da ake ajiye irin waɗannan a raye.

Nomansa bai bambanta da na sauran dogayen masu gemu ba, kuma kusan duk ƙa'idojin suna komawa ga abu ɗaya: saiwar ba ta son zama cikin danshi. Ana zaɓar wuri mai samun rana aƙalla awa shida a yini, ƙasa mai tsane ruwa, ba mai tsami sosai ba. Inda ƙasar laka ce, sai a yi kunya mai tudu. A ƙasashen arewa ana dasawa daga Yuli zuwa Satumba, yadda jijiyoyi za su sami kamar mako shida su kama kafin ƙasa ta daskare. Mai dashe yakan haƙa rami marar zurfi, ya tara ɗan tudu a tsakiya, ya ɗora saiwar a kai, ya baza jijiyoyin su sauka ta gefe biyu, ya rufe su ya danna. Bayan saiwar kuwa a waje ake barinsa, ko a yayyafa masa ƙasa kaɗan a inda rana ke da zafi. Kuskuren da sababbin masu lambu suka fi yi shi ne binne ta da zurfi. Ganye zai fito kore shar, fure kuwa shiru. Ana barin tazarar santimita 30 zuwa 60 tsakanin tsiro da tsiro, a shayar sau ɗaya sosai, sannan a sassauta.

Taki kaɗan yake so. Wanda sinadarin naitirojin ya yi wa yawa yana sa ganye ya yi taushi, saiwa ta ruɓe, haka ma ɗanyen kashin dabbobi idan ya taɓa ta. Ana zuba taki mai sauƙi a kewaye sau biyu, farkon tsiro da kuma bayan fure. Ba a lulluɓe gindinsa da ciyawa yadda ake yi wa wasu tsirrai, sai dai sabon dashe a shekararsa ta farko a wuri mai tsananin sanyi, shi ma a kwashe da zarar ƙanƙara ta narke. Idan fure ya ƙare, ana karya karan daga gindi. Koren ganye kuwa ba a taɓa shi, don shi ke tara abincin furen baɗi.

Bayan shekara uku ko huɗu gindin yakan cushe. Tsofaffin saiwoyin da suka riga suka yi fure suna tsakiya ba ganye, 'ya'ya sun yi zobe a waje suna hawan juna, fure ya ragu. Wabash mai saurin yaɗuwa ne, don haka ba ya jinkirin kai wa wannan hali. Wata ɗaya ko biyu bayan fure ake tono gindin duka da cokalin haƙa, a karkaɗe ƙasa, a yanke kowace matashiyar saiwa da jerin ganyenta da jijiyoyinta, a zubar da tsofaffin. Ana datse ganyen ya rage kamar santimita 15 don kada iska ta tuge sabon dashe, a bar yankan ya sha iska ya bushe, sannan a mayar ƙasa. Gindi ɗaya yakan ba da abin dasawa da na kyauta, kuma ta haka ne Wabash yake shiga lambunan mutane ta hannun maƙwabta.

Babban abokin gabansa a gabashin Amurka ta Arewa wata tsutsa ce, ɗiyar wani malam-buɗe-littafi na dare mai suna Macronoctua onusta. Uwar takan saka ƙwai a kan busasshen ganye a ƙarshen shekara. Idan ɗumi ya dawo sai tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda sabon ganye ta shiga tsakiyarsa, tana ci tana gangarawa. Alamarta ita ce gefen ganye mai tsaga-tsaga da wani layi mai kama da jiƙa. Zuwa Yuli ta isa saiwa, ta yi ƙiba, ruwan hoda, tsawonta ya kusa santimita biyar, ta rarake cikin. Ramin da ta bari shi ke ba ƙwayar cutar ruɓa hanya, saiwar ta koma ruwa-ruwa da wari mai tsanani wanda hanci ke ganewa kafin ido. Maganin farko shi ne tsafta: a kwashe duk busasshen ganye a ƙone kafin ƙwan ya fashe. Idan an ga layin tsutsar da wuri, ana iya matse ta da yatsu a cikin ganyen. Saiwar da ta fara ruɓa kuma, a kankare wurin da cokali har a kai ga nama mai tauri, a bar rana ta dake shi. Akwai kuma wata cutar naman gwari mai sa ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a ganye lokacin yawan ruwa, tana ɓata kyau amma ba ta cika kisa ba. Barewa da zomo ba su damu da iris ba, saiwarsa kuma tana ɓata cikin mutum da dabba idan aka ci.

Dogayen masu gemu suna bukatar sanyi na gaske a shekara kafin su ɗaure fure, shi ya sa suke yin kyau a Turai, da yawancin Amurka ta Arewa, da kudancin Ostireliya da New Zealand. A ƙasashe masu zafi da ruwan damina mai yawa, saiwar takan ba da ganye kawai, ko ta ruɓe.

Sauran abin da ke gaban mai riƙe da tsohon nau'i shi ne tabbatar da suna. Tun 1955 Ƙungiyar Iris ta Amurka ce ke riƙe da rajistar duniya ta iris masu saiwa, amma rajista ba ta hana alamar katako ruɓewa a lambu, ko gindi biyu su shiga juna. Furanni masu farin sama da shunayyar ƙasa suna da yawa, Bright Hour ma ana yawan rikita shi da Wabash. Masu adanawa sukan duba launin gemu, da faɗin farin layin baki, da jijiyoyin da ke kafaɗar falle, da yadda kara ya yi rassa, da gindin ganye, wanda a Wabash yake da shafin shunayya. Hoto ba ya wadatarwa, don kyamara takan sauya shunayya ta koma shuɗi. Hanyar da suka amince da ita ita ce a samo saiwa daga lambun da aka tabbatar da nasa, a dasa ta kusa da wadda ake shakka, a jira su yi fure a mako ɗaya a ƙasa ɗaya, a gwada su sashe da sashe. Wadda ba ta dace ba ana ci gaba da nomanta idan ana so, amma a cire mata sunan kafin a ba wani.